Babin Tarihin da Ya Fitar da Ni daga Jidda

Na sauka Jidda da hantsi, cikin wani zafi mai ɗanɗanon gishiri da ban taɓa jin irinsa ba. Sunana Rakiya, 'yar Funtuwa ce ni. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Turanci da tarihi a makarantar 'yan mata ta garinmu, kafin wani dillalin aiki ya samo mini gurbi a wata makarantar kuɗi a Jidda, irin wadda ke bin manhajar Amurka. Na baro mijina, Malam Sani, da ciwon ƙoda ya zaunar, na baro 'ya'yanmu uku a hannun ƙanwata. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba.

Direban makarantar ne ya tarbe ni. Tun ba mu kai ga mota ba ya miƙo hannu ya nuna fasfona. Ya ce Mudira, wato shugabar makarantar, ta ce a karɓa domin a yi mini iƙama, takardar izinin zama. Na ba shi. Ina kallo ya jefa shi cikin aljihun mota ya rufe. Ban sake riƙe fasfon nan ba sai bayan fiye da wata biyar.

Zangona na farko wani ɗaki ne a bayan makarantar. A takardar da na sa wa hannu a gida an rubuta za a ba ni gida nawa. Abin da na tarar shi ne ɗakin ajiya da aka ture karyayyun tebura gefe guda, aka shimfiɗa katifu uku. Malamai biyu 'yan Filifin na samu a ciki. Ɗayarsu ta ga ba ni da matashi, ta zare nata ta ba ni, ta naɗe tawul ta sa a ƙarƙashin kanta. Ba mu san sunan juna ba tukuna.

Washegari na ga Mudira. Doguwar mace ce, mai magana a hankali, ba ta taɓa ɗaga murya ba a gabana. Ta ce darasin Turancin da aka ɗauke ni dominsa an riga an bai wa wata, tarihi kaɗai zan koyar, a aji goma. Na buɗe baki zan ambaci takardarmu, sai ta yi murmushi.

"Kafilinki, wanda ya tsaya miki kika shigo ƙasar, yayana ne, shi ne mai makarantar," in ji ta. "Duk abin da kike so a ƙasar nan, ta hannunsa zai bi. Ki yi aikinki, ba za ki ga komai ba sai alheri."

Baƙo makaho ne ko da idonsa.

Makonni uku na yi ban yi Hausa da kowa ido da ido ba. Waya kaɗai ke haɗa ni da harshena. Autata Ummi kullum tambayarta ɗaya, ko na ga Ka'aba. Ba ta san ko titin gaban makaranta ba na iya tsallakawa ba tare da faɗuwar gaba ba, don ba fasfo a hannuna, iƙama kuma ba ta fito ba. In na hango motar 'yan sanda sai in koma ciki. Shinkafa da kaza muke ci rana da dare, har na fara mafarkin miyar kuka.

Wata rana lokacin hutun tara ina tsaye a baranda ina yi wa Malam Sani faɗa a waya kan ya daina tsallake maganinsa. Da na kashe na juyo, sai ga wata ɗalibata a tsaye, doguwa, baƙa, mai suna Hanan. Ta dube ni tana jin kunya.

"Abla," ta ce, don haka suke kiran malama, "mai gida... yana... da sauƙi?"

Da Hausa ta faɗa. Ashe duk abin da na faɗa ta ji, mayarwa ce ke ba ta wuya. Ta koma Turanci ta ce a Jidda aka haife ta, aka haifi ubanta, aka haifi kakarta, amma kakar tata Hausa take yi kamar ba ta taɓa barin Kano ba, alhali ba ta taɓa zuwa ba. Ta ce tsohuwar tana da ɗaki babu kowa a ciki a unguwar Nuzla.

Nuzla ce zangona na biyu, kuma a can na fara numfashi. Lunguna ne matsattsu, wayoyin lantarki sun sarƙe a sama, ruwan na'urar sanyaya ɗaki yana ɗiga a kan mai wucewa. Amma ana soya ƙosai a bakin wata ƙofa, ana kiran yara da sunayen da na sani. Kakar Hanan, Hajiya Asma'u, tana da rumfar atamfa da turaren wuta kusa da kasuwar Bab Makka. Ɗanta Usman, uban Hanan, ya yi gini a unguwar Kurayyat ya roƙe ta ta koma can, ta ce ba ta barin lungun da aka yanke mata cibiya.

Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ta ce, tana gauraya Larabci, "Ya binti, 'yata, yunwa kike ji. Halas, shi ke nan, shigo."

Tuwon shinkafa ta zuba mini da miyar kuɓewa busasshiya. Ina ci hawaye na zuba, ita kuwa ta juya baya tana gyara kayan rumfa kamar ba ta gani ba. Daga ranar nake kiranta Inna. Mudira ta yarda na koma can, ina jin don ta samu wurin ajiye teburanta ne.

Wata huɗu komai ya tafi daidai. Iƙama ta fito, ko da yake fasfo bai dawo ba. Ina aika abin da ya samu gida, ana yi wa Malam Sani wankin ƙoda a kan lokaci. Ɗalibaina ashirin da huɗu ne, mafi yawansu 'ya'yan 'yan kasuwar Jidda, sai shida baƙaƙe, wasu jikokin Hausawa irin Hanan, wasu 'yan asalin Sudan. Tare suke zama, tare suke cin abinci. Babbar ƙawar Hanan ita ce Lamis, wata farar yarinya mai kaifin kai, 'yar wani tsohon gidan attajirai. Benci ɗaya suke zama.

Sai muka zo babi na tara, yaƙin basasar Amurka.

Na ji daɗin zuwansa, don na san shi sosai. Na fara musu da auduga, tunda a gonar auduga na tashi. Na nuna musu tabon da ƙwanson auduga ya bar mini a yatsu. Na ce su ɗauka mutum yana wannan tsinka daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, shekara da shekaru, ba lada, kuma ɗan da ya haifa ba nasa ba ne, ana iya sayar da shi gobe. A kan haka arzikin kudancin ƙasar ya tsaya. Arewa kuwa ta bar bauta, ta koma masana'antu da ƙwadago, ko da yake da audugar Kudun take saƙa. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, amma duk sanda aka buɗe sabon yanki a yamma sai rigima ta tashi: za a shiga da bayi ko ba za a shiga ba? Domin kowace sabuwar jiha kujeru ce a majalisa, wanda ya fi kujeru shi zai yanke wa ɗayan hukunci. Aka ja layi a taswira, aka ce nan da bayi, nan babu. Layin ya riƙe na wani lokaci, sannan ya tsinke.

Yaran suna saurare, suna rubutu. Har Mudira ta leƙo wata rana ta gyaɗa kai.

A mako na biyu muka zo dokar da ta tilasta wa mutanen Arewa su kama bawan da ya gudo wurinsu su mayar wa ubangidansa. Na ce wannan doka ce ta shigar da bauta har cikin gidan wanda bai taɓa mallakar bawa ba, don yanzu ko dai ya miƙa mutum, ko ya karya doka. Lamis ta ɗaga hannu.

"Abla, amma in mutum ya sayi abu da kuɗinsa, doka kuma ta yarda, ai ba sata ya yi ba. Mutanen Arewa ne suka saɓa alkawari."

Tambayar ta yi mini daɗi, don ita ce ainihin hujjar Kudu, kuma ina shirin warware ta. Hanan ta riga ni.

"Abu?" ta ce.

"Abin da suka ce nake faɗa," in ji Lamis.

"Kakanki ma haka ya ce?"

Daga can bayan aji wata murya ta ce "abda" a hankali, wato baiwa. Ban ga wadda ta faɗa ba, amma kowa ya ji. Hanan ba ta waiwaya ba. Ni ta kalla.

"Abla, a nan ba a yi ba?"

Saura minti biyar a tashi. Da na so, da na ce mu bari sai gobe. Na sha tunanin minti biyar ɗin nan. Abin da na ce shi ne, "An yi a nan, an yi a ƙasarmu, an yi a kusan ko'ina. A nan an haramta bauta tun zamanin kakanninku." Ban ƙara ko kalma ba.

Washegari na shigo na tarar an sauya zama. Baƙaƙen nan shida sun koma gefen taga. Lamis da mafi yawan sauran suna gefen ƙofa. Wasu uku suna tsakiya, suna kallon littattafansu. Na ce kowa ya koma wurinsa, suka koma, ina juya baya zuwa allo na ji ana jan kujeru.

Na yi zaton in na ci gaba da darasi, sani zai sanyaya su. Ban yi daidai ba. Ranar da na koyar da hukuncin babbar kotun da ta ce baƙin mutum ba ɗan ƙasa ba ne, wata a gefen ƙofa ta yi dariya. Ranar da na ba da labarin mutumin da ya kai hari rumbun makamai don ya tayar da bayi, gefen taga suka yi tafi. Abin ya bi su gida ta waya, ya shiga wayoyin iyayensu mata. Ranar Laraba aka rubuta wa Hanan kalma ɗaya da Larabci a kan teburinta, ma'anarta "nawa ne?" Ta ɗauki gorar ruwa ta juye a kan yarinyar da take zargi. Aka kori Hanan kwana uku. Ba a nemi wadda ta yi rubutun ba.

Mudira ta kira ni. Wayarta na ta ƙara a kan tebur, ba ta ɗauka ba.

"Iyaye ne," ta ce. "Babin nan, ki gajarta shi. Ki ce musu rigimar haraji ce da ikon jihohi, ki wuce zuwa yaƙin."

"Ranki ya daɗe, littafin da kuka ba ni ba haka ya ce ba. Jihohin da suka ɓalle da hannunsu suka rubuta cewa don bayi suka fita."

Ta dube ni da tausayi, kuma tausayin ya fi faɗa ba ni tsoro. "Littafi ba shi da iƙama, Abla Rakiya. Ke kina da ita."

Kwana biyu ina juya maganar. Ina tuna ranakun wankin ƙoda, ina tuna fasfona a cikin wata durowa da ban san inda take ba. Na yanke shawarar yin abin da aka ce. Na tsaya gaban aji, na ce masana da yawa suna ganin haraji ne ya jawo yaƙin. Ina cikin faɗa Lamis ta ɗaga hannu, ita da nake zaton za ta fi kowa murna.

"Abla, makon jiya ba haka kika ce ba."

Ba da izgili ta faɗa ba. Tambaya take yi tsakani da Allah, wanne ne gaskiya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a gaban ɗalibi. Na buɗe littafi na karanta musu shafin yadda yake: yadda aka zaɓi shugaban da ya ce ba zai bari bauta ta ƙara faɗaɗa ba, yadda jihohin Kudu suka fice ɗaya bayan ɗaya tun bai hau kujera ba, yadda aka buɗe wa wani sansanin soja wuta a bakin teku. Na rufe littafin. Nan darasina ya tsaya a makarantar nan, a kan harbin farko. Kafin azahar aka aiko cewa in zauna a gida sai an neme ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Usman ya zo cin abinci wurin mahaifiyarsa kamar yadda ya saba. A tashar jiragen ruwa yake aikin fitar da kaya, mutum ne mai natsuwa, kullum sai ya gaishe ni daga bakin ƙofa. Ranar bai gaishe ni ba. Da Larabci ya fara, Inna ta ce ya yi Hausa tunda da ni yake.

"Malama, mu ba bayi ba ne," ya ce. "Kakana alhaji ne, da ƙafarsa ya zo. Shekara nawa muna fama a daina kallonmu da wannan ido, ke kin zo cikin wata biyar kin ɗora wa 'yata. Yanzu cewa ake kina zaune gidanmu, mu muka sa ki. Ni a nan aka haife ni, ba ni da wata ƙasa da zan gudu in je. Ke kina da ita."

Akwai gaskiya a maganarsa. Ya juya ga Inna ya ce gara in nemi wani ɗaki. Ta ci gaba da zuba miya.

"Wanda ya ci tuwona ba ya fita gidana da kuka," ta ce. "Ci abincinka, Usman."

Bai ci ba. Ya sa takalmi ya fita.

Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida muna ninke atamfofin da za ta kai rumfa, sai ta fara magana ba tare da ta ɗago ba. Ta ce mahaifinta yana yaro ya taso daga ƙasar Hausa cikin ayarin wani alhaji. Shekara shida suka yi a hanya, suna tsayawa su yi noman ƙwadago su ƙara gaba. A cikin ayarin akwai wata yarinya, Ladi, da ke ɗaukar wa matar alhajin tulu. Da suka tsallako teku guzuri ya ƙare. Wata safiya alhajin ya riƙe hannun Ladi suka shiga cikin gari, ya dawo shi kaɗai, da buhun hatsi a kan jaki. Ba wanda ya tambaye shi. Duk ayarin suka ci hatsin, har da mahaifinta.

"Har ya rasu, in ya shiga tsohon gari sai ya riƙa duban tagogi," in ji Inna. "Usman ya yi gaskiya, alhazai ne kakanninmu. Amma ayari ɗaya ne ya kawo mu da Ladi. Su suka saya, ya binti. Wa ya sayar?"

Hannuna ya tsaya a kan atamfa. Na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Gidanmu a Funtuwa muna da wani ƙauye da har yau tsofaffinmu ke kira rinjinmu, wato ƙauyen bayinmu, mutanensa in sun zo gaisuwa a ƙasa suke zama. Kakana ma da ƙafa ya zo hajji. Da mutum bakwai ya tashi, da uku ya koma. Tun muna yara ake ce mana sauran rasuwa suka yi a hanya, kuma ban taɓa tambayar inda aka binne su ba.

Inna ba ta ce Allah ya jiƙansu ba, ba ta kuma ce mini "ba komai" ba. Ta miƙo mini ɗaya bakin atamfar, muka ja, muka ninke.

Ranar Lahadi aka kira ni in zo in sa hannu a wata takarda. Na ce wa Inna takardar gargaɗi ce kawai. Ta ce da wane harshe aka rubuta, na ce ban sani ba. Ta ɗauko abayarta ta zuwa biki, ta rufe rumfa a ranar ciniki.

"Yalla, mu je."

Da Larabci takardar take, shafi guda. Mudira ta ce tsari ne kawai, in sa hannu in koma aji. Har na ɗauki biro. Inna ta dafe takardar da tafin hannu, ta sa tabarau, ta bi layi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, leɓunanta na motsi. Ta daɗe. Sannan ta ce mini da Hausa, muryarta ƙasa-ƙasa, "Ajiye biron. An ce kin amsa cewa kin ɓata sunan ƙasa, kin tayar da fitinar launi tsakanin yara. Wannan ba aji za ta kai ki ba."

Na san inda irin wannan takarda ke kai baƙo: kurkuku.

Inna ta juya ga Mudira ta koma Larabci, Larabcin Jidda tsantsa, irin na 'yar gari. Ban ji duka ba, amma na tsinci kalmar fasfo da ofishin ƙwadago. Daga baya ta gaya mini abin da ta ce: riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne, kuma in takardar nan ta fita ɗakin, ita ma za ta fita da nata ƙorafin, da kwafin takardar da aka yi mini alkawarin gida a ciki. Mudira ta fita da waya a kunne, ta dawo bayan rabin sa'a. Ta yaga takardar biyu. Ta ce zan rubuta cewa na ajiye aiki saboda jinyar mijina, za a ba ni bizar fita da tikiti. Ta buɗe durowar da ke daidai gwiwarta ta ciro fasfona. Ashe duk zaman da na yi a ofishin nan yana kusa da ni da taku biyu.

Da za mu fita ta ce mini, ba ta kalle ni ba, "Ke malama ce ta gari. Amma uwaye ashirin ne a kaina, da yayana."

A cikin tasi na fashe da kuka. Na tsira, amma aikin da ke riƙe da ran mijina ya tafi. Na kira Malam Sani, na gaya masa komai.

"Ƙarya kika koya musu?" ya ce.

"Na fara, na kasa."

"To, dawo gida, Rakiya. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci."

Ranar Alhamis na je kwashe littattafaina. Na zaɓi lokacin da yara ke cikin aji don kada in haɗu da kowa. Ina ɗaure kwali a ɗakin malamai sai na ji an turo ƙofa. Lamis ce. Ta rufe ƙofar ta jingina da ita.

"Mamana ce ta fara kiran Mudira," ta ce. "Ni na ba da labarin a gida. Ban san haka zai zama ba."

Na ce ba laifinta ba ne, ta koma aji. Ba ta motsa ba. Ta ce a gidansu akwai wata tsohuwa baƙa da suke kira Dada. Ita ta yi renon babanta, ita ta rene su. Tana da ɗakinta, ana sumbatar kanta ranar Idi, kowa na sonta. Ranar da Hanan ta yi mata tambayar nan, ta koma gida ta tambayi babanta daga ina Dada ta zo. Ya ce Dada 'yar gida ce, ya tashi daga kan abinci. Ta tambayi Dada, Dada ta yi dariya ta ce ta manta.

"Amma akwai abin da take faɗa wa kowane jariri in tana lallashinsa," in ji Lamis. "Mu duka da shi muka yi barci. Mun ɗauka addu'a ce. Ba Larabci ba ne. Na ɗauko jiya tana yi wa ɗan yayata."

Ta ciro waya daga cikin hannun riga ta danna. Aka ji kukan jariri, da tafin hannu a bayansa a hankali, sannan muryar tsohuwa. Harshen ya lanƙwashe, kalmomin sun gaji da maimaitawa, amma ban buƙaci a sake kunnawa ba. Hausa ce.

"Zauna nan, kada ki tashi. Yanzu zan dawo."

Ta maimaita sau uku, jaririn ya yi shiru.

Na nemi kujera na zauna. Lamis tana kallona.

"Addu'a ce, Abla?"

Na san abin da gaskiya ta jawo mini a ginin nan, fasfona kuma yana cikin jakata, kwana uku ya rage in tashi. Na fassara mata kalma da kalma.

Ta daɗe tana kallon wayar. "Wa ya ce mata haka?"

"Ban sani ba."

"Ya dawo?"

Ta goge fuska da bakin mayafi. Sai ta ɗauki biro daga teburina ta buɗe tafin hannunta.

"Yaya ake gaida tsohuwa da safe da harshenku?"

Na gaya mata: a durƙusa, a ce, "Ina kwana, Inna." Ta rubuta da harufan Larabci a tafinta, ta karanta mini, na gyara mata sau biyu. Ta tambayi abin da tsohuwar za ta ce in ta amsa. Na ce za ta ce, "Lafiya lau." A ƙarƙashin gaisuwar na rubuta mata lambar Inna Asma'u, na ce in Dada ta so jin Hausa a bakin sa'arta, ga wadda za ta kira. Ta dunƙule hannun, ta fita.

Inna ce ta raka ni filin jirgi, da ƙullin turaren wuta da dabino na yara. Hanan ta aiko mini da saƙon murya da Hausarta mai tuntuɓe, ta ce in gaida mai gida. Usman bai zo ba, amma motarsa ce ta kai mu.

Yanzu shekara biyu ke nan ina Funtuwa, na koma tsohuwar makarantata. Malam Sani yana nan, yau da sauƙi gobe babu. Duk sanda na kira Inna, bayan mun gama gaisawa sai in tambaye ta ko wata baƙuwar lamba ta kira. Sai ta ce, "Tukuna dai, ya binti." Har yau ban san ko yarinyar ta durƙusa a gaban Dada ba, ban kuma san ko tsohuwar ta amsa ba.